GMAT: a gida makina yana fitowa, a ɗakin jarrabawa kaina yana kullewa

Rukayya_M

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san GMAT, jarrabawar da makarantun kasuwanci ke nema kafin su ɗauki ɗalibin digiri na biyu, ciki da waje. Ina aiki a sashen lissafin kuɗi na wani kamfani a Kano, ina kuma son neman gurbin MBA, wato digiri na biyu a harkar kasuwanci, a ƙasar waje, a zagayen karɓar takardun neman gurbi da ke rufewa a farkon Janairu. A gwajin da nake yi a gida makina yana kaiwa 615 zuwa 635, amma da na zauna ta gaske sai na tashi da 555.

Ga yadda abin ya faru. Da lissafi na fara. Tambaya ta huɗu ta tsaya mini, na zuba mata fiye da minti biyar, daga nan zuciyata ta kama bugawa, tafin hannuna ya jiƙe, ina karanta tambaya sau uku amma ba ta shiga kaina. Uku na ƙarshe ko ganinsu ban yi ba lokaci ya ƙare. Abin ya bi ni har cikin sauran sassan biyu. Makarantun da nake so, ɗalibansu yawanci daga 645 zuwa sama suke. Saura wata biyu da 'yan kwanaki. Karatu zan ƙara ne, ko fargabar zan fara magancewa, kuma ta yaya? Ina da awa biyu da daddare a ranakun aiki, sai kuma Asabar da Lahadi.

Malam Sagir

Wa alaikumus salam, Malama Rukayya. Abin da kika bayyana matsalar lokaci ce ta haifi firgici, firgicin kuma ya koma ya cinye sauran lokacin. Saboda haka daga lokaci za a fara gyara.

Ki tuna ƙirar jarrabawar tun da aka sauya ta a ƙarshen 2023. Sassa uku ne, kowanne minti 45. Lissafi tambaya 21, Turanci 23, nazarin bayanai, wanda suke kira Data Insights, 20. Kowane sashe makinsa daga 60 ne zuwa 90, kuma ukun nauyinsu ɗaya a jimillar da ke tafiya daga 205 zuwa 805. Idan kika raba minti 45 gida 21, kowace tambayar lissafi rabonta minti 2 ne da daƙiƙa 8. Ke nan da kika ba tambaya ta huɗu minti biyar, kin ci rabon wata tambaya gaba ɗaya har da ɗori, tun ba a je ko'ina ba.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci. Jarrabawar tana bin sawun amsoshinki ne. Idan kina ci, kwamfuta tana ƙara wahalar tambayoyin, idan kina faɗuwa ta sassauta, domin abin da take nema shi ne iyakar ƙarfinki. Dole ne ta kai ki inda za ki faɗi wasu, haka aka gina ta. Masu samun 645, har da waɗanda suka zarce, suna faɗuwa tambayoyi da dama a hanya. Mu kuwa tarbiyyar makaranta ta saba mana da cewa ɗalibin kirki ba ya wuce tambaya sai ya warware ta. A GMAT wannan ɗabi'ar ce ke kayar da mutum. Faɗuwa tambaya ɗaya mai wahala ragin da yake yi kaɗan ne. Barin tambayoyi babu amsa kuwa hukuncinsa mai nauyi ne, masu jarrabawar da kansu sun faɗa. Waɗannan ukun da ba ki gani ba sun fi tambaya ta huɗu yi miki ɓarna nesa ba kusa ba.

To ga dokar da za ki kafa wa kanki tun daga gida. Idan minti ɗaya ya wuce ba ki gane hanyar da za ki bi ba, ki cire amsoshin da kika ga ba za su yiwu ba, ki zaɓi ɗaya cikin sauran, ki sa mata alama, ki wuce. Idan kin gane hanyar amma kin kai minti uku ba ki gama ba, nan ma haka. Sabon tsarin ya ba ki damar komawa a ƙarshen sashe ki duba duk tambayar da kike so, ki canza amsa har uku. Amma ki lura, wannan shafin ba ya buɗewa sai kin amsa tambayar ƙarshe kuma da sauran lokaci. Wanda ya maƙale a tsakiya shi ne ke rasa damar. Ki shiga kowane sashe da niyyar za ki saki tambaya biyu ko uku da gangan, ki ɗauka kuɗin shiga ne.

Kada ki riƙa kallon agogo bayan kowace tambaya, yana ƙara tayar da hankali. Ki duba sau biyu ko uku kawai. A lissafi: bayan tambaya ta 7 a ce saura minti 30, bayan ta 14 saura 15. A Turanci: bayan ta 8 saura kamar 29, bayan ta 16 saura 14. A nazarin bayanai: bayan ta 10 saura 22. Ki rubuta waɗannan lambobin a saman allon rubutun da za su ba ki da zarar an fara. Idan kika ga kin makara da fiye da minti biyu, tambaya ta gaba da ta yi miki tsawo ki yi mata zaɓin sauri, lissafinki ya dawo daidai.

Sai batun 615 zuwa 635 ɗin gida. Ina so ki tambayi kanki da gaskiya yadda aka same su. Gwajin na hukuma ne na mba.com, shafin masu jarrabawar, ko na wani kamfanin koyarwa? Na kamfanoni suna da amfani wajen atisaye, amma makinsu ba abin dogaro ba ne. An tsayar da agogo don amsa waya ko don a sha ruwa? An maimaita gwaji ɗaya har wasu tambayoyin suka zama sanannu? Kowanne cikin waɗannan yana kumbura maki. Gwaje-gwajen hukuma na 1 da na 2 kyauta ne, sauran ana saye. Duk wanda za ki yi daga yanzu, ki yi shi a sa'ar da za ki zauna ta gaske, a kan tebur, waya a wani ɗaki, hutu ɗaya na minti 10, ba tsayawa.

Kuma ki buɗe cikakken rahoton makinki na 555 a shafinki. Yana nuna lokacin da kika kashe da irin tambayoyin da kika faɗi a kowane sashe. Daga nan za ki ga ko rauninki a ilimi yake ko a rabon lokaci.

Tsarin mako kuwa, awa biyun dare ki raba su haka: minti 10 lissafin kai, minti 45 tambayoyi da agogo, sauran duka bitar abin da kika yi. Bitar ita ce karatun. Ki ware littafi guda na kurakurai, kowace tambayar da kika faɗi ko kika ci da sa'a ki rubuta dalilinta ɗaya cikin huɗu: ban san ƙa'idar ba, na sani amma na yi sakaci a lissafi, na karanta tambayar ba daidai ba, ko na daɗe fiye da kima. Bayan mako biyu za ki ga layi ɗaya ya fi sauran cika, nan za ki zuba ƙarfi. Cikakken gwaji ɗaya duk bayan kwana 10 zuwa 14 ya isa, washegari kuma ki ba shi awa uku na bita. Gwaji kullum ba tare da bita ba gajiya kawai yake kawowa.

Na ce lissafin kai don kin ce aikinki na lissafin kuɗi ne. Masu irin aikinku sun san lamba sarai, amma kalkuleta da Excel sun karɓe musu ninkawa da rabawa, kuma a sashen lissafi ba a ba da kalkuleta. Ki haddace cewa 1/8 shi ne kashi 12.5 cikin ɗari, 1/6 kusan 16.7, ki san ninkin lamba da kanta har zuwa 20, ki saba da farfasa lamba irin 360 zuwa 2×2×2×3×3×5 cikin 'yan daƙiƙu. Ki kuma saba da sa 100 a duk tambayar kashi cikin ɗari da ba a ba da adadi ba. An ƙara wa kaya kashi 20, aka kuma rage kashi 20: 100 ta koma 120, ta sauko 96, wato ragin kashi 4 ne, ba komawa farashin farko ba. Da haruffa wannan zai ci miki minti biyu, da 100 daƙiƙa 20 ne. Kada ki ɓata lokaci a kan jiyometiri ko gyaran jimlar Turanci daga tsofaffin littattafai, an cire su daga jarrabawar.

Dakta Hauwa

Malam Sagir ya gama da ɓangaren dabara, Allah ya saka da alheri. Ni zan yi magana a kan abin da ke faruwa a jiki, don ƙanwata ta daina ganin laifin kanta.

Tambayar GMAT tana buƙatar ki riƙe abu uku ko huɗu a ka lokaci guda: abin da aka tambaya, lambobin da aka bayar, matakin da kike kai. Wurin da ƙwaƙwalwa ke riƙe irin wannan ɗan ƙarami ne. Idan tunanin "na faɗi", "kuɗina sun tafi", "me zan ce a gida" ya shigo, wurin nan yake cikewa. Shi ya sa kike karanta tambaya sau uku ba ta zauna. Ilimin yana nan, wurin aiki da shi ne ya cushe. Da zarar an rage cunkoson yana dawowa, kuma ana iya koyon rage shi kamar yadda ake koyon aljabara.

Na farko numfashi. Idan kika ji zuciya ta tashi, ki ɗauke ido daga kwamfutar, ki dafa ƙafafunki biyu a ƙasa, ki saki kafaɗa da muƙamuƙi. Ki ja iska ta hanci kina ƙirga huɗu, ki fitar a hankali kina ƙirga shida zuwa takwas. Sau uku ko huɗu. Fitarwar ce mai aikin, domin lokacin fitar da numfashi bugun zuciya yake raguwa. Kuskuren da mutane ke yi shi ne zuƙar iska da ƙarfi da sauri, wannan yana kawo jiri, sai tsoron ya ƙaru. Duka abin daƙiƙa 30 zuwa 40 ne. Mutane suna jin asara ce su kashe daƙiƙa 40 a kan numfashi, alhali firgicin minti goma yake ci. Amma sai kin yi ta yi a gida, kullum kafin ki fara tambayoyi da kuma duk lokacin da kika saki wata tambaya. Abin da ba a saba da shi cikin kwanciyar hankali ba, ba ya zuwa a lokacin tashin hankali.

Bayan numfashin, kada ki koma kan tambayar gaba ɗayanta. Ki ɗauki alƙalami ki rubuta abin da ake nema kawai, da kalma biyu ko uku. Sai lamba ta farko. Hannu yana motsi, kai yana biyo baya.

Na biyu, yadda kike fassara bugun zuciyar. A 2010 Jeremy Jamieson da abokan aikinsa sun yi gwaji da ɗalibai masu shirin GRE, wata jarrabawar shiga digiri na biyu mai kama da GMAT. Waɗanda aka gaya wa cewa tashin jiki kafin jarrabawa yana iya taimaka wa mutum ya yi ƙoƙari, sun fi sauran maki a lissafi. Ba a ce musu su kwantar da hankali ba. Wannan yana da ma'ana, domin idan kika dage sai kin ji babu fargaba ko kaɗan, duk bugun da zuciya ta yi zai zame miki shaidar cewa abu ya lalace. Ki shiga da sanin cewa za ta buga, tafin hannu zai jiƙe, kuma jiki ne ke shiri.

Na uku rubutu. A 2011 Gerardo Ramirez da Sian Beilock na Jami'ar Chicago sun wallafa binciken da ya nuna cewa ɗaliban da suka yi minti 10 suna rubuta damuwarsu gab da jarrabawa sun fi samun maki, musamman masu yawan fargaba. Ki gwada kafin kowane gwajin gida: takarda ɗaya, ki zayyana abin da kike tsoro ba ɓoyewa, ki ajiye. Ranar jarrabawa ki yi shi kafin ki shiga cibiyar da ake zama jarrabawar, don ba za a bar ki da takarda a ciki ba. Idan kin gwada sau biyu kika ga ba ya yi miki, ki bari.

Barci kuma kada a raina shi. Karatu har ƙarfe ɗayan dare bayan yinin ofis yana rage abin da kai ke riƙewa washegari. Gara awa ɗaya da rabi da barcin awa bakwai. Kofi, shayi mai ƙarfi, goro da lemun ƙara kuzari duk suna da sinadarin kafin, wanda rabinsa yana nan a jiki bayan kamar awa biyar, yana kuma ƙara bugun zuciya da rawar hannu. Ranar jarrabawa ki sha daidai abin da kika saba, kada ki ƙara. Daren jarrabawar kansa idan barci ya ƙi zuwa sosai, kada wannan ma ya zama abin tsoro, dare ɗaya ba ya rushe mutum idan kwanakin da suka gabata an yi barci.

Gargaɗi ɗaya da nake so ki riƙe. Za ki ji wasu suna ba da shawarar ƙwayoyin rage bugun zuciya ko na kwantar da hankali daga kyamis. Kada ki sha ba tare da likita ya duba ki ba. Na rage bugun zuciya suna da haɗari ga mai asma da mai ƙarancin hawan jini, na kwantar da hankali kuma suna dusashe tunanin da kike buƙata. Idan kuwa fargabar tana zuwa miki a wajen jarrabawa, tana hana barci makonni, ko tana kawo ƙuncin ƙirji da sarƙewar numfashi, ki ga likita yanzu, kada ki jira Janairu. Ana magance shi.

Rukayya_M

Na gode ƙwarai Malam, na gode Dakta. Na duba rahoton. Lissafi ne ya fi faɗuwa, amma nazarin bayanai ma bai yi kyau ba, musamman tambayoyin da ake ba da bayani biyu a ce ko sun isa. Gaskiya kuma gwajin gida ina tsayar da agogo. Tambayata yanzu: da wane sashe ya kamata in fara a karo na gaba? Kuma makarantu za su ga 555 ɗin?

Abba_Tudun_Wada

Hajiya Rukayya, na biyun da farko tunda shi ya fi sauƙi. A sabon tsarin sai kin ga makinki tukuna kike zaɓar makarantun da za a aika wa, kuma rahoton da aka aika na zama ɗaya ne kawai, wanda kika zaɓa. Idan ba ki aika 555 ba, ba ya zuwa musu. Sai dai idan fom ɗin wata makaranta ya tambayi sau nawa kika zauna, nan kam gaskiya za ki rubuta, kuma maimaita GMAT abu ne da suka saba gani.

Batun jeri, ke kike zaɓar yadda sassan uku za su biyo juna. Ra'ayina kada ki sake farawa da lissafi. Wasu malamai suna cewa a fara da mai wahala tun kai yana da ƙarfi, kuma ga wanda gajiya ce matsalarsa haka ne. Ke matsalarki firgicin farko ne. Ki fara da sashen da hannunki ya fi faɗawa, jiki ya saba da kujera da agogo, sannan lissafi ya zo na biyu, ki ɗauki hutunki bayansa don duk abin da ya faru a ciki ya tsaya can. Amma ki gwada jeri biyu a gwajin gida, wanda ya yi miki ki riƙe shi, kada ki canza ranar jarrabawa.

Tambayoyin da kike magana, Data Sufficiency, ba a ce ki fito da amsa ba. An ce ki faɗi ko bayanin ya isa a fito da ita. Masu ƙarfin lissafi suna zubar da lokaci a nan don suna warwarewa har ƙarshe. Zaɓin biyar ba sa canzawa, ki haddace su: A, bayani na 1 kaɗai ya isa, B, na 2 kaɗai ya isa, C, sai an haɗa su, D, kowanne shi kaɗai ya isa, E, ko an haɗa ba su isa ba. Ki duba na 1 shi kaɗai. Idan ya isa, saura A ko D. Idan bai isa ba, saura B, C ko E. Sannan ki duba na 2 kamar ba ki taɓa ganin na 1 ba. Nan ne aka fi zamewa, mutum ya shiga na 2 da abin da ya karanta a na 1 a kansa, sai ya zaɓi B alhali C ce.

Ga misali. Nawa ne kuɗin buhun shinkafa ɗaya? Bayani na 1: buhu 2 na shinkafa da 3 na masara sun kama 300,000. Bayani na 2: buhu 4 na shinkafa da 6 na masara sun kama 600,000. Mai gaggawa zai ce abu biyu ba a sani ba, lissafi biyu aka bayar, amsa C. Amma na 2 ninkin na 1 ne kawai, babu sabon labari a cikinsa. Amsa E. Haka kuma idan tambayar ta "e ko a'a" ce, bayanin da ke ba da "a'a" a kowane hali ya isa. Wanda bai isa ba shi ne mai ba da "e" wani lokaci, "a'a" wani lokaci. Idan aka ce x ba tare da an ce cikakkiyar lamba ba ce, ki gwada sifili, ki gwada lamba ƙasa da sifili, ki gwada 1/2.

Sauran nau'o'in sashen, wato teburi, zanen ƙididdiga, shafuka biyu ko uku da ake haɗa bayaninsu, da tambaya mai amsa biyu, da yawansu suna da rassa, kuma sai kin ci dukkan rassan ake ba ki makin. Babu rabin maki. Saboda haka idan za ki saki tambaya a wannan sashen, mai rassa uku da kika ga reshe ɗaya ya gagare ki ita ce ta saki. Kafin ki taɓa lamba ki karanta kan teburin da ma'aunin: dubu ne ko miliyan, adadi ne ko kashi cikin ɗari. Teburin ana iya jera shi bisa kowane layi, ki yi amfani da wannan maimakon bi da ido. Akwai kalkuleta a wannan sashen, amma danna ta da linzamin kwamfuta yana da nawa, kintace ya fi sauri a yawancin wurare.

A Turanci abu ɗaya zan ce. A tambayoyin nazarin hujja, ki fara gano hukuncin da marubucin ya yanke, sannan dalilinsa. Misali: kanti ya rage farashi, ciniki ya ƙaru, don haka ragin ne ya kawo cinikin. Idan aka tambayi abin da hujjar ta dogara da shi, ki juya kowane zaɓi ki ga ko hujjar za ta rushe. "Babu wani babban kanti da ya rufe a unguwar a wannan watan." Juya shi: wani ya rufe. Hujjar ta girgiza, to wannan ne amsar. Kuma ki amsa da abin da ke rubuce kawai, sanin kasuwa da kike da shi daga ofis ki ajiye shi a waje.

Malam Sagir

Na yarda da Abba a kan jerin, sai dai wurin hutu. Idan lissafi ne na biyu, wasu sun fi amfana da hutu kafinsa, su shiga da sabon numfashi. Hutun ɗaya ne, bayan sashe na farko ko na biyu. Shi ma ki gwada duka biyun a gida.

Ranakun zama kuma ki tsara su daga baya zuwa gaba. Tsakanin zama da zama dole a sami kwana 16, kuma ba a wuce sau biyar cikin wata 12. Makin hukuma yawanci yana fitowa cikin kwana 3 zuwa 5, amma yana iya jinkiri. To ki sa zama na gaba a ƙarshen Nuwamba ko makon farko na Disamba, yadda akwai gurbin wani kafin a rufe. Sanin cewa akwai wata dama a baya yana rage nauyin ranar sosai. Kada ki biya kuɗin rajista sai gwajin hukuma biyu a jere, waɗanda ba a tsayar da agogo ba, sun kai kusa da abin da kike nema. Idan a tsakiyar Disamba kina 615, ki sake duba jerin makarantunki da zagayen da ke biye. Adadin da makarantu ke wallafawa matsakaici ne na aji, akwai waɗanda aka ɗauka a ƙasa da shi saboda ƙarfin aikinsu da rubutunsu. Makarantu da yawa suna karɓar GRE ma, amma da wata biyu a hannu ban ba ki shawarar sauya jarrabawa ba.

Umman_Sadiq

'Yar'uwa, ga ƙananan abubuwan da ke tayar da hankali tun kafin a ga tambaya ta farko.

Sunan da kika yi rajista da shi ya zama daidai da na fasfonki harafi da harafi. Mu nan suna ɗaya yana da rubutu uku, Rukayya, Ruqayya, Rukaiya, haka Muhammad da Mohammed, ga kuma masu sauya suna bayan aure. Idan bai dace ba suna iya hana ki shiga, kuɗin kuma ya tafi. Ki duba yau, ki kuma duba ranar ƙarewar fasfon.

Ana iya zama a gida ta intanet, amma ki auna. Ana buƙatar ɗakin da babu mai shigowa, tebur babu komai a kai, kyamara a buɗe, da wuta da intanet da ba za su yanke ba fiye da awa biyu. Ga mai fama da fargaba, tunanin ɗaukewar wuta wani nauyi ne a kan nauyi. Cibiya ta fi. Idan sai kin yi tafiya, ki isa garin kwana ɗaya kafin ranar, ki je ki ga ƙofar wurin da idonki, ki san tsawon hanya a lokacin cunkoso.

Ki zaɓi sa'ar da ba za ta ci karo da salla ba, musamman ranar Juma'a, don hutun minti 10 ba zai ishi alwala da salla da binciken shiga ba. Ki isa minti 30 kafin lokaci. Za su ɗauki hotonki, su duba tafin hannunki a na'ura, jaka da waya da agogo su shiga akwati. Mai hijabi tana shiga da abinta, sai dai suna iya dubawa, don haka ki sa marar aljihu da tarkace. Ɗakunan suna da sanyin na'ura, ki sa kaya masu ɗan kauri.

Rubutu a kan allon roba ake yi da alƙalamin tawada mai gogewa, ba takarda da fensir ba. Ki sayi irinsa ki yi atisaye da shi tun yanzu, don yana da santsi kuma rubutun yana fitowa da girma. Ki gwada alƙalamin kafin a fara, idan ya bushe ki ɗaga hannu a canza.

A hutu, ki bar dabino uku ko ayaba da ruwa a saman jakarki yadda za ki ɗauka nan take. Kada ki taɓa waya ko littafi, doka ta hana kuma ana iya soke makin. Ki dawo bakin ƙofa a minti na 7 ko na 8, domin sai an sake duba tafin hannu, kuma duk abin da kika ƙara a kan minti 10 daga lokacin sashe na gaba ake cirewa.